Kwalin Habibu da ban kai ba

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Dakta Habibu Garba, kuma duk tsawon wannan lokaci akwai wani kwali a saman kwabad ɗina a unguwar Longsight, nan Ingila, da ban yarda kowa ya taɓa ba. Bana na ga gara in faɗi abin da ke ciki, kunyar ta ishe ni.

Karatu ya kawo Habibu Birmingham. A Jami'ar Aston yake bincike, a unguwar Lozells yake zaune da matarsa Rabi. Bincikensa a kan yashin kwalta ne, baƙar ƙasar nan mai danƙo da ke kudancin Nijeriya, wadda gwamnati ke cewa za a haƙo a tace a sami mai. Mu kam tsokanarsa muke yi, wai mutum ya tsallako har Ingila don ya karanci laka. Dariya kawai yake yi.

Ba adawa yake da haƙar ba, ruwan sha ne damuwarsa. Ya je wani ƙauye a can, ya ga yadda kwalta ke tsatsafowa kusa da rijiyarsu tun ba a fara aikin ba. Ya ɗebo ruwan a kwalba, ya rubuta rahoto cewa a tanadar wa mutanen wani ruwan kafin a kai inji ko ɗaya.

A shekarun da Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, hukumar birnin da nake yi wa aikin injiniya ta sallame ni. Ana nan sai aka gayyace ni Abuja ganawa da wani kwamiti mai tsara manufar haƙar, aka kuma raɗa mini cewa akwai kujera. Kun san halinmu, da an ji za ka gida ka zama gidan waya. Wannan ta kawo takalma, wancan magani, wata turare na surukarta. Habibu ya hau jirgin ƙasa ya kawo nasa da kansa.

"Injiniya, wannan ba tsaraba ba ce," in ji shi. "Report ne da sample. Please, hannun chairman za ka sa, kada ka ba masinja."

Na ce masa an gama.

Ranar tafiya na auna kaya a gida, nauyi ya wuce ƙa'ida. Takalma suka tafi, turare ya tafi, kwalin Habibu na cire. Na gaya wa kaina saboda nauyi ne. Ƙarya nake yi, kwalin bai kai takalman nan nauyi ba. Tsoro nake ji kada in shiga gaban masu son a fara haƙa gobe da takardar da ke cewa a dakata, kujera ta kuɓuce mini.

Da na dawo na ce masa na miƙa. Ya yi ta godiya, Rabi har da aiko mana dambun nama, kuma na ci. Sau biyu ya tambaye ni ko an ce wani abu, daga nan bai ƙara ba. Na ɗauka ya fid da rai da gwamnati ne. Kujerar ma ban samu ba. Bayan shekara biyu ciwon zuciya ya tafi da shi.

Har yau maganar yashin kwalta ba ta mutu ba, lokaci-lokaci akan taso da ita. Da yana raye na san tambayarsa ɗaya ce: me mutanen ƙauyen za su sha? Wataƙila da na kai rahoton a aljihun tebur zai ƙare. Amma ba ni ne da ikon yanke wannan hukunci ba, ni ɗan saƙo ne.

Makon jiya na sauko da kwalin. Baƙin kwaltar ya kwanta a gindin kwalbar, a jikinta ga sunan ƙauyen da rubutun hannunsa, har da sunan matar da ta jawo masa gugan. Haka yake, ba ya manta mutum. Na kira Rabi na faɗa mata komai.

Sai ta ce, "Ai ya sani, Baban Safiya. Ranar sunan ɗanku ya hango shi a saman kwabad. Ya ce kada in yi maka magana, kunya za ka ji, in ka shirya za ka kai."

Wata mai zuwa zan tafi gida. Kowa ya riƙe takalmansa, saƙo ɗaya zan ɗauka.