Ƙaramar ce ke fara rabuwa

Shekara ashirin da shida Baba Mai Agogo ya yi yana gadin ƙwan tsutsar ciki. A ɗakin gwajinmu akwai wani tebur kusa da taga, a nan yake zama, ido ɗaya a kan madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, agogo a hagu, fensir a dama. Mahauta su kawo hanjin awaki, ya tsamo tsutsotsin, ya matso ƙwansu a ɗan faranti, ya zauna jira. Ƙwayar da ke cikin ƙwan takan rabu biyu, biyun su zama huɗu, shi kuma ya rubuta lokacin da kowacce ta rabu. Masu shara kan tsokane shi wai ungozoman tsutsa. Sai ya ce, "Ungozoman da ko sannu ba a taɓa ce masa ba."

Bai yi karatu mai zurfi ba. Ni kuwa na zo da digiri uku da girman kai, aka damƙa mini ɗakin. Tun ranar farko yake kirana 'yata.

Rigimar ta taso ne daga littattafansa. Idan ƙwayar ta rabu biyu, ɗaya takan fi ɗaya girma. Abin da na karanta shi ne babbar ce ke riga sake rabuwa. Shi kuwa shafi bayan shafi ya rubuta cewa ƙaramar ce.

"Baba, juya su kake yi," na ce masa a gaban ɗalibai.

"'Yata, zo ki zauna ki gani da idonki. Awa uku ne kawai."

Awa uku! Ina da taro. Na rubuta wa shugaban sashe cewa idon tsohon ya gaza, aka mayar da shi wankin kwalabe. Bai yi musu ba. Washegari ya gaishe ni da "ranki ya daɗe, Dakta", kuma a haka ya ci gaba har ya yi ritaya bayan shekara biyu.

Daga baya muka samu kyamara mai ɗaukar hoto kowane minti. Na kalli ƙwai arba'in a jere. Ƙaramar ce. Abin da na haddace an rubuta shi ne kan wata tsutsa dabam, ta cikin ƙasa, ba tamu ta hanjin akuya ba. Kunya ta hana ni zuwa wurinsa har wata huɗu, kullum ina cewa gobe.

Na same shi a ƙofar gida yana gyara wa jikarsa madaurin takalmi, da zare da allura, ba ko tabarau. Na durƙusa na faɗa masa komai, na ce shi ne da gaskiya, kuma zan sa sunansa a kan aikin.

Ya yi murmushi. "Dakta, kin kyauta da kika zo. Amma ba sai kin lallashe ni ba. Na riga na haƙura, na san idona ne."

"Wallahi ba lallashi ba ne, Baba. Ka ba ni littattafan kawai, a haɗa da hotunan."

Ya ajiye allurar da ke hannunsa.

"Ai na ƙona su," ya ce. "Tun satin da kika faɗa. Na ji tsoron kada wani ɗalibi ya ɗauka ya karanta, in ɓatar da ɗan mutane."