Ranar da ƙarar motata ta watsa ƙauye

A can shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Ƙaura Namoda, na sayi motata ta farko. Tsohuwa ce tukuf, ta sha hannu kafin ta zo nawa, amma a idona babu kamarta a duk faɗin garin. Gidanmu gidan malamai ne, kowa a natse yake, tafiya a hankali, magana a hankali. Ni kaɗai Allah Ya yi da wutar ciki. In aka ce a jira minti biyar, ni a wurina an ce a kwana ne.

Tuƙi kuwa a bakin tasha na koye shi, wajen direbobin da ke jigilar Shinkafi da Zurmi. Suna da wata al'ada, direba ba ya kashe mota haka kawai. Sai ya cire giya, ya taka totur har allurar agogon inji ta hau jan layi, sau biyu ko uku, sannan ya murɗe makulli. Wani ya ce min hakan yana wanke wa inji maƙogwaro. Wani ya ce yana bar mata mai a baki don ta yi saurin tashi gobe. Ban tambayi kowa hujja ba, na ɗauka har na ƙara da nawa. Ina yi da safe, ina yi a ƙofar makaranta, ina yi a ƙofar masallaci. Bakanikena, wani bawan Allah mutumin Zurmi, ya gaji da yi min faɗa. "Malam, motar ga ta girme ka ga wahala, ka riƙa tausaya mata," in ji shi. Sai in yi dariya in ƙara mata wuta a gabansa. Gaskiyar magana daɗin ƙarar nake ji, kuma ina son a waiwayo a ga ni ne.

Ina da aboki da muke koyarwa tare. Shi kaɗai mahaifiyarsa ta haifa, tana zaune a wani ƙaramin ƙauye can bayan Badarawa. Lokacin an riga an shiga halin da kowa ya sani, yau a ji 'yan bindiga sun shiga nan a kan babura, gobe a ji sun shiga can. Ƙauyensu ba a taɓa shigarsa ba, amma hankalin abokina ya ƙi kwanciya. Inna, haka muke kiranta, gwiwoyinta sun gaji, daga ɗakinta zuwa bakin rijiya sai ta huta sau biyu. In wani abu ya taso, ba ta da ƙafar gudu.

Shekara biyu cur yana lallashinta ta dawo Ƙaura wurinsa. Ya sa kawunnansa baki, ya sa limamin ƙauyen baki. Sai ta ce bayan damina. Damina ta wuce ta ce bayan Sallah. Rannan kwatsam ta aiko cewa ta yarda, har ta raba awakinta ga maƙwabta ta ɗaure kayanta. Ya same ni a ɗakin malamai.

"Gobe-goben nan za mu tahi," ya ce. "Kahin ta sake shawara."

Muka tashi ranar Asabar da hantsi. Lissafinmu shi ne mu isa, mu loda ta da kayanta, mu juyo kafin la'asar, don ba mai bin hanyar nan da yamma. Ƙarshen damina ne, an yanke gero, dawa kuma ta fi mutum tsawo. Da muka bar kwalta muka shiga burji, ya ce in rage gudu, na ce masa ai na san hannuna. Ba mu yi nisa ba cikin motar ya daki wani dutse a kwazazzabo, salansar da ke rage ƙarar inji ta cire ta faɗi. Muka fito muka dube ta, muka jira ta huce, muka jefa ta a but. Da na sake tayar da motar, ƙarar da take yi ta ninka ta da sau nawa ban sani ba. Allah Ya gafarta min, har wani daɗi na ji.

A bakin ƙauyen akwai yashi. Tayoyin baya suka ɗan nutse. Mai hankali zai koma baya ne ya sake shiga a natse, ni kuwa na danna totur har ƙasa, allura ta hau ja ta zauna, motar tana ihu har ta fizge kanta ta fita. Na shigo da gudu na tsaya gindin wata bishiya kusa da masallaci. Sannan ƙafata ta yi abin da ta saba, ban ma san na yi ba. Sau ɗaya, sau biyu. A na uku abokina ya damƙe min hannu, amma aikin gama ya gama.

Na kashe motar. Shiru.

Ba irin shirun ƙauye da rana ba, wanda za ka ji kaza, ka ji muryar mata ta bayan danga. Wannan babu komai. Ga tabarma a shimfiɗe da gyaɗa an fara ɓara an bari. Ga guga a bakin rijiya, igiyar ba ta gama lilo ba. Ga takalmi wari ɗaya a tsakiyar hanya. Abokina ya fita da gudu zuwa gidansu, na bi shi. Kayan Inna na nan a ɗaure a ƙofar ɗaki, ƙunshi uku da kwalla, tukunya na bisa wuta. Ita kuwa babu ita.

Ya fita bayan gida inda gonaki suka fara, yana kiran "Inna, ni ne." Ya yi gabas ya yi yamma. Dawa ce kawai iya ganinka, ko motsi babu. Ni kuma na kasa tsayuwa wuri ɗaya, in shiga wannan gida in fito, in duba waya babu sabis, in duba agogo, in sake duba wayar. Na riga na gane abin da ya faru, ina dai fatan a ce ba shi ba ne.

A wani zaure muka sami mutum ɗaya, wani tsoho da ƙafa ta daina ɗaukarsa shekaru da yawa. Yana zaune da carbi a hannu, ya riga ya sallama wa ƙaddara. Da ya gane abokina sai ya sauke numfashi.

"Babura nawa kunka gani bisa hanya?" ya tambaya.

Abokina ya dube ni. Na ce, "Baba, ba babura ba ne. Motata ce."

"Mota guda?"

"Guda, Baba."

Ya daɗe yana kallona. "To mi ta yi maka, ɗana, da kaka matsa mata haka?"

Abokina ya ce zai shiga dawar ya ci gaba da kira. Tsohon ya girgiza kai. "Kira ba shi hiddo kowa. Mun yi magana tun bara, ko muryar ɗanka ka ji kada ka amsa, don ana iya aza mashi bindiga a ce shi yi kira. Abu guda munka aje, daka. Wadda duk ta hwara leƙowa ta ga lahiya, sai ta kama turmi. In anka ji daka cikin gari, kowa shi hito."

"Yaushe ke nan, Baba?"

"Wani lokaci magariba."

Mu kuwa ba mu da magariba. Muka koma gidan Inna, abokina ya ɗebo gero a ƙwarya ya zuba a turmi. Ni da na jawo abin, na ga ni ya kamata in gyara, na fizgi taɓarya na hau daka. Ban taɓa riƙe taɓarya ba a rayuwata. Na dinga kirɓawa da iya ƙarfina, da sauri da sauri, gero na tsalle yana zubewa ƙasa. Sai ga muryar tsohon daga zaure: "Kai, wanga ba daka ba na, wanga mai neman ceto na. Wa ka hitowa in ya ji wanga?"

Abokina ya karɓa. Da yake Inna ba ta da 'ya mace, shi ya tashi yana yi mata daka. Ya tuɓe rigarsa, ya gyara tsayuwa, ya fara. A hankali, bugu ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ba abin da ya dame shi a duniya, har yana cilla taɓaryar sama ya tafa kafin ya cafe. Fuskarsa kuwa sharkaf, ban san wanne ne gumi wanne ne hawaye ba. Ni ina tsaye ina kallon agogo, ina ji kamar in karɓa in ƙara masa sauri.

An jima sai dawa ta fara motsi. Mace ɗaya ta leƙo, ta koma, ta sake fitowa da wasu. Sai maza, wasu da fartanya a hannu, wasu ƙafa duk ƙaya. Kafin ka ce me, labari ya zaga cewa mota ce, motar malamin nan mai farar riga. Na shirya wa zagi, har duka na shirya wa. Ba wanda ya zage ni. Wani magidanci da kara ya tsaga masa ƙafa ya tsaya gabana, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce "Allah shi kyauta," ya wuce. Da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Aka yi azahar, Inna ba ta fito ba. Abokina bai daina dakan ba, geron ya zama gari ya ci gaba da bugawa. Sai can wajen ƙarfe biyu da rabi muka hango su. Maƙwabciyarta ce, wata matashiya da goyo a baya, ta rataya hannun Inna a wuyanta, suna taku ɗaya suna hutawa. Zanensu duk laka.

Ashe da aka watse, Inna ta san ba za ta iya ba, sai ta zauna kusa da kayanta tana salati. Maƙwabciyar har ta kai bakin gona, ta waiwaya ba ta gan ta ba, ta juyo. Ta ja ta, ta ɗauke ta, ta sake ja, har tsakiyar dawa. Suka kwanta a kwarin kunya, ta toshe bakin jaririn da nono.

Inna ta zauna a kan turmin da aka kifa mata, ta sha ruwa. Ta dubi ɗanta ta ce, "Na ji dakan, na san hannunka na. Ƙahwa ta ta ƙiya."

Ya yi murmushin dole, ya sunkuya ya ɗauki ƙunshi ɗaya zai kai mota.

"Aje," ta ce.

"Inna, rana ta yi. Mu kama hanya."

"Ba ni zuwa."

Ya durƙusa gabanta. "Inna, kin dai ga abin da nike gudu. Yau da gaskiya ta, da mi za a ce?"

"Na gani. Yarinyar ga ta kai bakin gona, da goyo, ta komo domina. Ita ma ba ta san mota ta ba. To da wane ido zan shiga motar in ɗaga mata hannu?"

Maƙwabciyar ta fashe da kuka, tana cewa wallahi ba don Inna ta zauna ta yi ba, ta tafi abinta. Mata suka sa baki, liman ya sa baki. Inna ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce a shigar mata da kayanta ɗaki, a kuma dawo mata da akuya ko guda ce.

Na matso na durƙusa, na ce duk laifina ne, ta yafe min, ta taimaka kada ta sa in zama sanadi. Ta dafa kafaɗata. "Tashi ɗana, da alheri ka zo. Amma in za ka hita, ka hita sannu. Akwai masu ciki."

Ba a bar ni na tayar da motar a cikin gari ba. Magidanta shida suka tura ta, ina ciki riƙe da sitiyari kamar amarya, har muka wuce yashin nan muka yi nisa. Sannan ɗayansu ya buga but da tafin hannu, alamar in tayar. Muka kamo hanya har Ƙaura. Da na sauke shi ya ce, "Na gode, Malam." Kuma har yau bai taɓa tayar min da maganar ba, ko da wasa.

Da na kai motar a ɗaura salansa, na tambayi bakanikena, tsakani da Allah, akwai wani amfani da taka totur ɗin nan yake yi wa mota? Ya ce babu ko ɗaya, mai kawai nake ƙonewa, inji kuma ina rage masa kwana. Wato shekara da shekaru ina abu ba don komai ba sai don a ji ni, kuma an ji ni ɗin. Ban taɓa tunanin cewa ƙarar da ke min daɗi tana da wata ma'ana a kunnen wani ba. Na sayar da motar tuni, na yi wasu biyu bayanta, ba wadda allurarta ta san hanyar jan layi.

Inna tana nan da ranta a ƙauyen, gwiwoyin sun ƙara lalacewa, Allah kuma Yana ta tsare su. Wani lokaci nakan ce wa kaina wataƙila ko ban yi abin da na yi ba, da ta zo Ƙaura ta yi wata ɗaya ta ce a mayar da ita. Amma na ga kayan nan a ɗaure da idona.

Tunda ta ƙi zuwa, shi yake zuwa. Duk Asabar abokina yakan hau babur ya bi hanyar nan, ya kai mata magani da cefane. Bai san ina lissafe da shi ba. Daga azahar nake fara ɗaukar waya ina ajiyewa, in fita ƙofar gida in dawo, matata ta kawo abinci ya huce a gabana. Ba na iya kai loma sai na kira shi na ji ya ɗauka, in ce masa dama gaisuwa ce kawai.