Ƙwaron da Kawu Sale Bai Raɗa wa Suna Ba

Duk wanda ya san Kawu Sale a unguwar Kurayyat, nan ƙasa mai tsarki, ya san da baki kawai yake amsa sallamar baƙo, idonsa na kan jaka. In ka kuskura ka ce daga Jakarta jirginku ya taso, ka shiga uku. Zai jawo gilashin ƙara girma da ke rataye a wuyansa tare da carbi, ya durƙusa yana bin ɗinkin jakarka. "Ahlan, ahlan, ya hanya? Kar ka motsa!" Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi, kuma kunyar da na sha kan wannan hali Allah kaɗai ya san iyakarta.

A tashar jiragen ruwa ya kamu da cutar tara ƙwari, lokacin yana aiki a siton da ake duba katakon da ke zuwa daga Asiya. Wani Ba'indiye masanin ƙwari ne ya koya masa, da zai koma gida ya bar masa gilashin da wani ƙaton littafi. Ba kuma kowane ƙwaro ba! Nasa wasu ne sirara, da yawansu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, murfin fiffikensu gajere ya bar baya a buɗe, in sun tsorata su ɗaga wutsiya kamar kunama. "Masu 'yar shara" yake ce musu. Mu a idonmu duk ɗaya ne. Shi kuwa sai ya ƙirga gaɓoɓin ƙafa, ya dubi ƙahonnin kai, ya ce wannan da wancan ko kaka ba su haɗa ba.

Ga maƙo. Kawu bai taɓa sayen kwalba ba, 'yan kwalaben turaren matarsa Inna Hauwa yake fako. Ran nan ta iske turarenta a kofin shayi.

"Malam, mene ne haka?"

"Kwalbar ce za ta yi tafiya, turaren ai yana gida."

Yakan zuba musu sifirit ya bai wa abokinsa Hajji Usman Jawi, mutumin can wajen Jakarta mai sayar da abinci a kasuwar Balad, shi kuma ya raba wa alhazan ƙasarsu masu komawa, a ciko a aiko da na baɗi. Wani bawan Allah ya ɗauko tasa tun daga Sumatra, a naɗe cikin rawani don girmamawa. Kawu ya ɗaga ya duba.

"Ya shekh, kyankyaso! Wannan ai danginsa na ƙarƙashin gadona suna zaune ba haya!"

Amma sai da ya tsare mutumin ya faɗi garin da ya kama shi da ranar, ya rubuta.

Ku da kuka shiga ɗakinsa kun tuna kowane ƙwaro da allurarsa, a ƙarƙashinsa 'yar takarda kamar farce: gari, rana, sunan wanda ya kamo. Ita yake kira iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasa. To, wata jajibirin Sallah, ina budurwa mai son a yaba, na shiga yi masa shara. Na ga takardun wani akwati sun yi ƙura, na zare su tas, na goge, na jera, na ɗaure da roba. Na tsaya ina jiran sa albarka.

Ya daɗe yana kallon akwatin. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Zainabu," ya ce, "a garin nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana, amma ban isa in fita sayen burodin tamis ba iƙama ba. Su da suka ƙetaro teku fa? Yanzu wa ya san ɗan ina ne wane?"

Na yi kuka har na gode Allah. Washegari na ga ya manna wa akwatin takarda, ya rubuta: "Masu jiran tarhil," wato masu jiran a mayar da su ƙasarsu. Har ya rasu ba a mayar da kowa gida ba, bai kuma zubar da ko ɗaya ba.

Akwai guda da ta fi ƙarfinsa. Ja ce mai baƙin kai, Hajji Usman ya kamo ta da hannunsa a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye a ƙauyensu, wani zuwa ganin gida da ya yi. Kawu ya bi littafinsa shafi-shafi bai same ta ba. Ya aika hotonta ga wani masani a ƙasar waje, amsa ta zo: mai yiwuwa ba a taɓa ba irinta suna ba, amma mace ce, su kuma waɗannan ƙwari sai an feɗe namiji an duba gabansa ake tabbatarwa. Kawu ya kwashe wannan bayani kaf ya zazzage shi a majalisar dattawa bayan La'asar. Liman ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Halas, Malam Sale, ya isa haka! Akwai alwala a jikinmu!"

Suna kuwa tuni ya tanada. In namijin ya samu, da sunan Inna Hauwa za a kira su.

"Ni? Mata ana kai su Balad a saya musu zinari, ni ƙwaro za ka liƙa mini?"

"Zinari ana sayar da shi, Hauwa. Wannan in ya shiga littafi, ya shiga ke nan."

"Allah ya shirye ka."

Ya bar gurbi a gefen macen, allura tsirara ba komai a kanta. Kowace shekara alhazai su zo, ya duba, ya girgiza kai. Hajji Usman ya tsufa ya koma ƙasarsu, Kawu bai fasa aika kwalabe ba. Ana ce masa ya sa sunan haka nan mana, wa zai sani? Sai ya ce, "Ba na ba da shaidar abin da ban gani ba." Muna dariya, amma na san abin na ci masa rai. Kyautar da yake son bai wa matarsa ke nan, kuma ba shi da wata.

Bayan rasuwarsa da 'yan watanni wani alhaji ya ƙwanƙwasa ƙofa, da saƙo daga Hajji Usman. Kwalbar turaren Inna ce, a ciki ga ƙwaro ja mai baƙin kai.

Inna Hauwa, wadda ta yi rayuwarta tana tsine wa masu 'yar shara, ta tsare baƙon a bakin ƙofa. "A wane gari? Wace rana?" Ta sa na rubuta. Ta rataya gilashin Kawu, ta shanya ƙwaron a takarda ya bushe, ta liƙa shi a ɗan kati kamar yadda ta ga yana yi, ta soke a allurar nan da ke jira.

Na ce, "Inna, namiji ne?"

"Ban sani ba, mai sanin ya tafi," ta ce. "Amma ba zai zauna a gidan Malam ba iƙama ba."

A nan ne na fashe da kuka, ita ma ta biyo ni.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya haskaka kabarinsa. Shi da bai yarda ko ƙwaro ya ɓace ba a san daga ina yake ba, ya Rabbi ka kira shi da sunansa cikin bayinka na gari, ka ba shi takardarsa a hannun dama. Amin.