Kaset Mai Jan Zare

Ran nan na bi ta hanyar Saga, a gefen Yamai, a bayan moto, wato babur, shinkafa ta fara nuna, sai kunnena ya tsinkayi wani siririn ƙugi yana tasowa daga cikin gonaki. Na ce wa mai moton ya tsaya. Da na duba, leda ce aka yayyanka aka ɗaura a igiya don korar tsuntsaye, iska na kaɗa ta. Ba abin da nake zato ba ne, amma raina ya riga ya ɓaci. Shekaru sun fi ashirin, kuma har yau in na tuna sai haushi ya taso mini. Bari in gaya muku, ku faɗa mini in ba ni da gaskiya.

Kakana direban babbar mota ne. Daga gabas ya zo Yamai yana saurayi, ya yi ta jigilar albasa zuwa bakin teku har gemunsa ya yi fari. In ya tafi sai ya yi wata biyu ba a gan shi ba. Kaka ba ta karatu, shi ma rubutunsa bai wuce na lambar mota ba, don haka wasiƙarsu kaset ce. Yana da wani mai gurmi da yake mutuwar so, kaset-kaset ɗinsa cike da kwali. Sai ya ɗauki ɗaya, ya bar kiɗan ya yi nisa, ya danna jan maɓalli ya yi maganarsa a kai, ya ba wani direba ya kawo gida.

A cikinsu akwai wanda Kaka ta ɗaura wa jan zare. Gurmi na cikin tafiya sai ka ji ƙas, sai gyaran murya irin tasa, mai kauri, ta mutumin da ya sha ƙurar hanya. Ya gaishe ta, ya ce ta daina wasa da maganin ƙafarta, ya ce kada a bar akun nan da ƙishirwa, sannan ya ce, “Ina nan tafe kafin ruwa ya sauka.” Daga nan sai ya bi gurmin da bakinsa. Allah ya jiƙansa, ba shi da muryar waƙa ko ta anini, amma Kaka ba ta taɓa yarda an wuce wurin ba.

Akun da yake magana a kansa shi ya kawo shi daga bakin teku, toka-toka mai jan bindi. Kejinsa na rataye a dogon yaron tsakar gida. Tsuntsun nan ɗan gulma ne na ƙarshe. Yana zagi da Hausa, yana zagi da Zabarmanci, yana kiran mai ga-ruwa har mutumin ya shigo da kurarsa ya tarar ba wanda ya kira shi. Kullum bayan la'asar Kaka za ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa, ta jawo radiyonta, ta sa kaset ɗin, tana tsintar wake ko gyaran zogale. Ni ce mai mayar da zare baya da bik, alƙalamin rubutuna, don kada pil, wato batir, ya ƙare. Ƙamshin garwashi, kiɗan gurmi, aku na ɓarzar gyaɗa a samanmu, haka na san yamma tun ina aji biyu a lakwal, wato makarantar boko.

Kakana ya rasu a farkon wata damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Kaka ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba kwalliya, ba fita, ba kiɗa. Ta san halin zuciyarta, sai ta kira kawu, ƙanen mahaifiyata, ta miƙa masa kwalin. “Ajiye mini a wajenka sai na fita,” in ji ta. Ajiya ta ce, da kunnena na ji.

To kawu a lokacin kansa ya ɗauki hayaƙi. Ya samo wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, daga biro, ofishin da yake aiki, ya girke ta a ɗakinsa, ya lulluɓe ta da ƙyalle mai ado kamar gadon amarya. Ba mai taɓa ta sai ya wanke hannu. Mu yara mukan jeru a bakin ƙofa muna kallonsa yana wasan karta shi kaɗai, muna ganin ba wanda ya kai shi ilimi a unguwa. Da ya ga kwalin sai ya ce kaset zamaninsa ya wuce, zafi na narkar da shi, radiyo na cinye shi, amma in aka zuba cikin na'urar nan, to har jikokin jikoki za su ji. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi aikin. Lahadi bayan Lahadi yana haɗa waya daga radiyo zuwa bayan na'urar, har ya kwashe su kaf. Ranar da muryar kakana ta fito daga ciki, ni kaina na yi tsalle.

Inda ya tsaya nan, da yau ba ni da abin faɗa. Amma sai wani abokinsa manomin shinkafa a Saga ya zo yana kukan tsuntsaye sun dame shi, yana neman tsofaffin kaset, don zarensu in aka ja shi a kan gona yana walƙiya yana ƙugi, tsuntsu ba ya sauka. Kawu ko ɗar bai ji ba. Kaka tana nan, taku goma tsakaninsu, tana jan carbi a ɗaki, bai leƙa ya tambaye ta ba. Ya ce in ɗauko kwalin in kai bakin ƙofa. Ina ɗagawa na ga jan zaren a sama.

“Kawu, wannan na Kaka ne fa,” na ce.

Ya nuna na'urar da haɓa. “Yana ciki. Wannan ɓawo ne kawai.”

Da na zare shi na soke a zanina, ba wanda zai sani. Ban yi ba, don an koya mana babba ba ya kuskure, balle babban da ke jin Faransanci. Wannan haushin kuwa nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Ba a yi sati biyu ba aka yi hadarin ƙarshen damina. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ya dawo da ƙarfi, ordinatar ta yi wani wari ta yi shiru. Kawu ya kai ta wajen mai gyara, mai gyara ya canza abin da ya ƙone, ya ce ya wanke ta tas ta dawo sabuwa. Ta dawo sabuwa kam. Wasan karta na nan, gurmi babu, kakana babu. Kawu ya mayar da ƙyallensa ya lulluɓe, ya ja bakinsa ya tsuke, yana cin tuwo a gidan nan kullum kamar ba abin da ya faru.

Ranar fitar takaba aka yi waina aka raba, Kaka ta yi wanka ta sa sabon zani. Baƙi na watsewa ta shimfiɗa tabarmarta a gindin dogon yaro, ta ce a kawo mata kwalinta. Kawu ya fara kame-kame, yana Inna ai kin san zamani, Inna ai kuran ne. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, “Ba kuran na ba ajiya ba. Ina kayana?”

Da ya faɗa, ba ta zage shi ba, ni kuwa na so ta zage shi. Mayafinta ta ɗauka, ta kama hannuna, muka tari taksi sai Saga.

Ba zan manta gonar nan ba. Shinkafa ta sunkuya, ruwa na kwance a ƙarƙashinta, an kakkafa sanduna, an ja zaren kaset daga wannan zuwa wancan, gaba da baya, yana ƙyalli a rana yana wannan siririn ƙugin. Manomin, bawan Allah, bai san komai ba. Da ya ji labari sai ya cire hula yana ta “kala suuru”, wato sai haƙuri. Kaka ta tambaye shi wanne ne nata a ciki. Wa zai sani? Ya kai mu gindin wata bishiya inda ya zubar da ɓawon, muka tona har muka sami mai jan zare, fayau, ba komai a cikinsa. Ta kakkaɓe shi ta ƙulle a bakin zani. Ta daɗe a tsaye tana sauraron iska, sannan ta ce, tana nufin kakana, “Ko a nan ma abincin mutane yake tsaro.” Ni dai kuka nake yi, kuma na haushi ne.

Washegari da la'asar ta zauna a wurinta. Ta sa ɓawon nan a radiyo, ba don tana sa ran komai ba, hannu ne dai ya saba. Ta danna, ya ce ƙas. Sai daga saman kanmu aka yi gyaran murya mai kauri, aka ce, “Ina nan tafe kafin ruwa ya sauka.”

Wake ya zube daga faifan Kaka. Aku ya karkata kai yana kallonmu da ido ɗaya, ya ci gaba da ɓarzar gyaɗarsa. Iyakar abin da ya riƙe ke nan. Gaisuwar babu, maganar magani babu, gurmin ma ya tafi. Amma tun daga ranar har ta koma ga Allah, kullum Kaka sai ta danna maɓallin nan, kuma ba ta ƙara barin kowa ya zuba wa tsuntsun ruwa ba sai ita.

Yanzu akun yana gidana, ya tsufa, gashin wuyansa ya zube. 'Ya'yana suna da waƙoƙi a waya da ba za su ƙirgu ba, ba sa bari ɗaya ta kai ƙarshe sun tsallaka wata. Sun ɗauki muryar akun sun ajiye a wurare uku, ban hana ba, don ni ba da na'ura nake faɗa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ba ka ajiya ka yanke hukuncin cewa ɓawo ce, kuma har yau kawu bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi laifi ba. In an tayar da zancen sai ya ce kuran ne.

Yakan zo gaishe mu ran Juma'a, da sandarsa da furfurarsa, in ba shi ruwa, in ba shi abinci, in durƙusa in gaishe shi yadda ya kamata. Amma da la'asar ta yi ya ga na jawo tsohon radiyon Kaka, sai ya tuna yana da wani uzuri a gari, ya fara laluben takalmi. Ni kuwa ba na jira ya kai ƙofa nake dannawa.