Bindigar Bahago

Daga Kura har Bunkure, duk bindigar da aka rasa gane asalinta, maƙerar Isiyaku ake kai ta. Gado ya yi. Kakansa ya je yaƙin Bama ya dawo da kunne ɗaya da tsohuwar bindigar soja. Ubansa kuma ya ƙware wajen sauya irin waɗannan tsofaffin su koma na farauta da korar tsuntsayen janbaki daga shinkafa. Isiyaku ya ɗora da tarawa. Goma sha ɗaya ya jera a bangon ɗakinsa, duk matattu, tsatsa ta cinye su, amma kowacce ya san labarinta: wannan ta Ingila ce aka rage mata baki, waccan kwaikwayo ce ta wani maƙerin Madobi, har da tambarin ƙarya. Ga shi da zafin kai. Ka kuskura ka kira adakar maharba bindigar soja, zai kalle ka kamar ka zagi uwarsa. Amma ƙarya kam, ko maƙiyinsa bai taɓa jingina masa ita ba.

To, shekara uku da suka wuce, cikin rani, aka harbe Jaji manomin tumatir a bakin kanal, ranar kasuwa da babu kowa a gona. Rikicin ruwa ne, kowa ya sani, don Jaji, Allah ya jiƙansa, ya iya tare ruwa ya bar na ƙasa da shi suna kallon shukarsu tana ƙonewa. Aka kama Ɗanbaba maharbi, saboda an ji shi da Jaji suna cacar baki ana jibi abin zai faru. Da aka rufe ruwa don yashe kanal, sai ga bindiga cikin taɓo.

Sufeton 'yan sanda da mai gari suka kawo ta maƙera da hantsi, jama'a na biye da su. Isiyaku ya ɗauki tsumma ya fara goge ta. Bai kai rabi ba hannunsa ya tsaya cak.

Innalillahi! Ƙotar bindigar an sassaƙe ta inda maharbi ke ɗora kunci, amma ta gefen dama, ba hagu ba kamar yadda aka saba. Ta bahago ce. Kuma ba sai ya tambayi wanda ya sassaƙa ba, shi ne da hannunsa, ya yi wa Mudassiru, ɗansa namiji tilo, wanda gonarsa ke ƙasa da ta Jaji. Sati biyu ke nan Mudassiru ya ce masa an sace ta.

Sufeton ya ce, "Baba, ta Ɗanbaba ce ko? Ka ce e kawai mu wuce, rana na yi."

Babu wanda ya lura da ƙotar nan, wallahi babu. Da Isiyaku ya gyaɗa kai, shi ke nan, an rufe magana, Ɗanbaba ya tafi ke nan, ya bar mata da 'ya'ya shida. Isiyaku ya ɗaga ido ya hango Mudassiru a bayan taro, ya jingina da darbejiya, fuskarsa kamar an yayyafa mata toka. Tsoro ya kama tsohon, irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya so ya yi ƙarya. Ya buɗe baki don ya yi ta, ta ƙi fitowa.

Ya ce, "Yallaɓai, Ɗanbaba da dama yake harbi. Wannan ta bahago ce."

Sufeton bai gane ba, baƙo ne. Amma mai gari ya sunkuyar da kai, sannan ɗaya bayan ɗaya mutane suka waiwaya wajen darbejiyar. A ƙauyen nan bahago ɗaya ne yake riƙe bindiga.

Mudassiru bai gudu ba, bai kuma musa ba. Yana gidan yari har yau. Uwarsa Rukayya takan ajiye wa Isiyaku tuwo a bakin ƙofa ta juya, ko "ga shi" ba ta ce masa. Isiyaku ya daina taɓa bindiga, lauje da fartanya kawai yake ƙerawa, ya rame, ya daina faɗa da kowa. Ɗanbaba kuwa, bawan Allah, duk safiya in zai wuce gona sai ya durƙusa a ƙofar maƙera ya ce, "Baba, na gode, Allah ya saka da alheri." Isiyaku yakan amsa da amin, ya jira ya ɓace, sannan ya ajiye masaɓa ya yi kuka.