Shinkafa a Littafin Dutsen Guga

Shekara talatin da ɗaya Kurihara Masanobu ya yi yana rubuta ɗan littafin nan da ake sakawa a kwalin tukunyar shinkafa ta lantarki, wanda kowa ke jefawa a aljihun tebur ba tare da ya buɗe ba. Shi dai bai taɓa yarda da haka ba. A ganinsa duk matan birnin Sakai sun haddace shi. Rubutunsa na mai ba da labari ne: ya fara da gaisuwa, ya ja mai karatu daki-daki, kowane shafi da "kamar yadda muka faɗa a baya".

Sai kamfani ya sauya tsari. Aka ce daga yanzu guntu-guntu za a riƙa rubutawa, kowane guntu a kan batu ɗaya, ya tsaya da ƙafarsa, a adana shi a kwamfuta. Guntun "yadda ake gogewa" sau ɗaya za a rubuta, littafin tukunya ya ɗauka, na dutsen guga ya ɗauka, na fanka ma ya ɗauka. Aka ba tsofaffin ma'aikata wata uku su koya. Wanda ya kasa, ɗakin duba lambobin kwali na jiransa a ƙasa. Saura wa Kurihara shekara biyu ya yi ritaya, kuma daga kan teburinsa yake son ya tafi.

Mai koyar da su ita ce Tachibana, shugabar sashe, mace mai jan biro da tsadar magana.

"Kurihara-san, ina bayan yake a nan?" ta tambaye shi ranar farko, tana nuna "a baya" ɗin da ya rubuta. "Guntun nan ba shi da baya, ba shi da gaba. Maraya ne."

"Ai ko maraya yana da dangi, Shugaba."

"Goge."

Ya goge yana ƙunƙuni. Da aka yi sati shida har ya fara ɗaga kafaɗa. Amma sabo turken wawa. Ran nan ya buɗe guntun gogewa, ya ga ya bushe ƙamas, ba ko tausayin mai girki, sai ya ƙara layi ɗaya: "Idan shinkafa ta kama, a jiƙa da ruwan ɗumi a bari ya kwana." Shaf ya manta guntun ba na tukunya kaɗai ba ne.

Washegari Tachibana ta zo da takardun gwaji, tun ba a kai wurin bugawa ba.

"Littafin dutsen guga, shafi na tara. 'Idan shinkafa ta kama.' Kurihara-san, a gidanku da dutsen guga ake girki?"

Kowa a ofis ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Ta ci gaba: "Na fanka ma haka. Na injin busar da gashi cewa ya yi a bar shi ya kwana a ruwa. Littafi goma sha ɗaya."

Ya miƙe ya rusuna, kunnuwansa sun yi jawur. Dariyar ba ta dame shi kamar injin busar da gashin ba. Da an buga, wani zai iya jiƙa shi sannan ya jona a wuta.

"Juma'a," in ji ta. "Sake rubuta guntun. In ya zauna lafiya a duka sha ɗayan, teburinka naka ne."

Kwana uku ya yi yana sassaƙa layi huɗu. Ya cire shinkafa, ya cire tukunya, ya cire gaisuwa da lallashin da ya saba yi wa mai karatu. Abin da ya rage shi ne a zare waya daga wuta, a jira ya huce, a goge da busasshen ƙyalle, kada a tsoma a ruwa. Zancen jiƙawa ya koma wani ɗan guntu na tukunya ita kaɗai.

Ranar Juma'a Tachibana ta karanta sau biyu, jan biron bai taɓa takarda ba.

"Ya yi, Kurihara-san. Ko ni ba zan gane kai ka rubuta ba."

Yabo ne, ya sani. Ya rusuna ya yi godiya yadda ya kamata, ya koma teburin da ya tsira da shi. Ya daɗe zaune yana bin layukan huɗu da ido, yana neman kansa a ciki. Bai samu ba, abin kuwa ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata.