Jan Layi a Wuyan Zaki

Ni ban san ranar da aka haife ni ba. In ka tambayi Inna, mahaifiyata, sai ta ce shekarar da babana ya sayi keke, shi ke nan. Don haka ranar da autata ta zo shago ta ce tana so a yi mata bikin cika shekara tara, dariya na yi, na ce ta je ta tambayi uwarta ko an taɓa yi wa wani wannan a gidanmu.

Ba ta tafi ba. Ta tsaya jikin buhunan siminti tana yi mini bayani da Sango, yaren ƙasar nan, don Hausarta ba ta kai ta nesa in abu ya dame ta. Makarantar da na sa ta tana can wajen unguwa, kuma a ajinsu ita kaɗai ce 'yar Kilomita Biyar, unguwarmu ta Musulmi. Tana da ƙawa guda, 'yar wata malamar asibiti, Kirista. Benci ɗaya suke zama. Yarinyar ta gayyace ta nata bikin, ta je, ta ga an cika falo da hotunan namun daji, kowane yaro an ba shi fuskar takarda, wannan zaki, wannan giwa. Yanzu ita ma tana so ƙawar ta zo gidanmu, ko sau ɗaya. Sauran 'yan ajin sun riga sun ce ba za a bar su ba. Wannan ɗaya ce uwarta ta ce za ta duba.

Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane nauyin wannan "za ta duba" ba. Tun shekarun da aka yi ta kashe-kashe, mutanen cikin gari suna shigowa kasuwarmu don kayanmu sun fi araha, su saya su juya. Ban taɓa ganin ɗayansu ya cire takalmi a ƙofar gidan wani ba. Akwai waɗanda na yi wasan ƙwallo da su muna yara, yau in sun zo sayen ƙusa ko daga kan babur ba sa sauka. Mu ma, in gaskiya za a faɗa, ba mu zuwa nasu.

Na ce to, za a yi.

Ni aji huɗu na bar makaranta, zane kuwa ko kaza ban iya ba. Amma kwali ina da shi, duk motar da ta sauke kaya daga Kamaru tana bar mini tuli. Na kwashi manya-manya na kai wa wani mai rubuta allunan shaguna a unguwar Kokoro, na ba shi fenti daga shagona. Ya tambaye ni wane irin biki ne, na gaya masa, ya ce wato mu da daji yake bayan gari sai mun sayi dajin kwali. Na ce ya yi aikinsa. Kwana biyar ya yi. Zaki, giwa, raƙumin dawa mai tsayin ƙofa, jakin dawa, biri biyu, da wani abu da ya ce dorina ce, ni dai alade na gani, na sa ya ƙara mata haƙora don kada a yi mana surutu. Matata ta yanko ganyen ayaba da na kwakwar manja ta jera jikin bango. Aka yi cincin, aka dafa zoɓo, aka yi odar kek mai zanen damisa wurin wata mata. Autar ta yi kwana uku tana yanka kunnuwan takarda, tana manna su da ƙullun rogo.

Ana gobe biki sai saƙo ya zo: uwar ƙawar ta yarda, da kanta za ta kawo ta, ƙarfe uku.

Da safiyar ranar muka kafa dabbobin a tsakar gida, sannan matata ta tafi da autar wurin kitso. Nan Inna ta fito daga ɗakinta da carbi a hannu. Ta daɗe tana kallon raƙumin dawan. Ta ce tun da aka fara wannan shirme take shiru, amma yau ba za ta zauna a gidan da aka cika da siffar masu rai ba, mala'iku ba sa shiga, ita kuma ga shekarunta, ba ta san ranar da za a zo ɗaukarta ba. Ko a fitar da su, ko ita ta fita. Na ce Inna, kwali ne. Ta ce ta ga kwali ne, ai ba makauniya ba ce.

Sai ita da kanta ta kawo mafita. Ta ce mahaifinta, in aka kawo masa kalanda ko gwangwani mai hoton dabba, layi yake ja a wuya, ya raba kai da gangar jiki, shi ke nan ya tashi daga mai rai. Ni ma na san wannan, na ga tsofaffi suna yi tun ina yaro, ban taɓa ɗaukarsa komai ba. Na ma ji daɗi, na ce ga hanya mai sauƙi, Inna ta zauna, yarinya ta yi bikinta. Na ɗauko abin rubutun da nake sa wa buhuna alama. Baƙin ya bushe. Ja ne ya rage. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, daga zaki har birai, na ja layi mai kauri a wuyan kowanne. Fentin mai zanen yana da santsi, jan bai kama sosai ba, ya ɗan zuba ƙasa a wurare. Na goge da yatsa, ya ƙara yaɗuwa. Na bar shi na tafi masallaci.

Da suka dawo daga kitso, uwar ta gani, ta tambaya, na ce Inna ce. Ba ta ja zancen ba, don ita ma a cikin wannan ta tashi. Yarinyar ta ɓata fuska ta ce na lalata mata zaki, amma yaran maƙwabta sun fara shigowa, ta manta. Babu ɗaya a cikinmu da ya ga abin da ke tsakar gidan nan. Manya uku a gida, da idanunmu.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna babur ya tsaya a ƙofa. Matar ta sauko riƙe da hannun 'yarta, da ƙunshin kyauta a ɗaya hannun. Ta sa ɗankwali, na lura, don mu ta sa. Na tare ta da Sango, na yi mata maraba, ta amsa da fara'a irin ta wanda ya yi ta maimaita ta a hanya. Autata ta rugo da kunnuwan giwa a kanta ta rungume ƙawarta. Matar ta sunkuya za ta cire takalmi, sai ta ɗaga kai ta ga tsakar gidan.

Ba ta yi ihu ba. Idonta ya bi su a jere, zaki, giwa, jakin dawa, kowanne da ja a maƙogwaro yana zuba. Sai a lokacin, ta fuskarta, ni ma na gani. 'Yarta ta nuna biri ta tambaya wa ya yanka su.

Matar ta mayar da ƙafarta cikin takalmi. Ta miƙa wa autata kyautar, ta shafa kanta, ta ce an kira ta asibiti. Mai babur ɗin ko juyawa bai gama yi ba. Na bi ta waje ina cewa Madam, Madam, al'ada ce, tsohuwa ce ta sa. Bakina ya kasa haɗa zancen. Ta yaya za ka bayyana wa mutum mala'iku a bakin titi, yana kan babur?

Aka ci kek. Yaran unguwa sun yi ta gurnani da fuskokin takarda har la'asar, sun ji daɗinsu. Mai bikin tana zaune bakin rijiya da kyautar a cinya, ba ta buɗe ba. Inna ta aiko tana tambayar nata kason.

Ran Litinin na rufe shago na je ƙofar makarantar, abin da ban taɓa yi ba. Na jira matar, na yi mata bayani tun daga kakana har bushewar baƙin abin rubutu. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba.

"Na yarda ba ka nufi komai ba," in ji ta. "Amma sai da na yi sati biyu ina rigima da mijina kafin ya bar ni na kawo yarinyar nan. Ta koma gida ta ba shi labari. Me kake so in ce masa yanzu?"

Na so in ce mata mu ma an yanka namu, in lissafa mata su. Na riƙe bakina, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba.

Yaran ba su yi faɗa ba. An dai raba musu benci cikin satin, bisa roƙon uban. Labarin ya zaga ajin, ya girma a hanya, har aka ce dabbobin gaske muka yanka a gaban baƙi. Na yi fushi da matar, na yi da mijinta, na yi da Inna har Allah ya yi mata rasuwa ban faɗa mata ba. Wanda ya riƙe jan abin rubutun dai ni ne.

Autar tana sakandare yanzu. Kwanaki wani mai babur da na sani ya ce mini in ta tare su a ƙofar makaranta ba ta faɗin Kilomita Biyar. Sunan unguwar da ke kafin tamu take faɗa, da ƙarfi, ta sauka a can, ta ƙaraso da ƙafa. Ya ɗauka rowar kuɗin babur nake mata. Na ce masa e, haka ne.